Gudan Jini a Ƙafar Sallau

Duk wanda ya ci kasuwar Talata Mafara a shekarun da ake ginin dam ɗin Bakolori ya san Sallau mahauci. Ko bai san sunansa ba ya san rumfarsa, ta uku daga gindin tsamiya. Gajere ne kakkaura mai faɗin ƙirji, ga murya, in ya kira mai sayen nama sai na layin hatsi ya waiwayo. Ranar Babbar Sallah aka haife shi, uban yana can yana fiɗar ragunan mutane, shi ya sa sunan Sallau ya bi shi har ya danne na yanka. Gidansu gidan fawa ne tun kakanni. Yana da shekara ashirin ya iya duban sa a tsaye, ya shafa gadon bayansa, ya faɗi irin naman da za a samu, kuma da wuya ya kuskure.

Da aka fara aikin dam garin ya cika da baƙi, leburori da direbobi da magina da masu walda. Wanda ya wuni yana zuba kankare a rana, da yamma nama yake nema. Sallau da ya saba yanka sa guda ranar kasuwa sai ga shi yana yanka kullum, da safe ɗanye, da la'asar balangu a bakin tasha. A shekarun nan ne ya rufa wa matarsa Turai ɗaki da kwano, a nan ne kuma ya ƙulla aminci da Gidaɗo, wani Bafillacen Damaga ta ƙasar Maradun, wanda yake kawo masa shanu.

Aiki ya ƙare, baƙi suka watse. Manoman da ruwa ya cinye wa gonaki suka sha wahalar da har yau ba a son tuna ta, kasuwa kuma ta yi sanyi. Sai ga farin shekarar 1984. Makiyaya suka rasa ciyawa, shanu suka faɗi warwas a Arewa, mahauta da yawa suka koma safarar su zuwa Kudu. Sallau ya bi sahu.

Tafiyar ba ta wasa ba ce. A loda shanu a tirela, masu su kuma su hau sama su zauna kan katakan da aka gitta, ƙafafu a naɗe, kwana biyu, wani lokaci uku, kafin a isa Ibadan. Direba ba ya son tsayawa, don dabba tana galabaita in an daɗe a hanya. Sallau ya koyi ƙin shan ruwa don kada fitsari ya matsa masa. In sun sayar, su cusa kansu a motar haya su juyo, nan ma gwiwa a ƙirji.

Bayan tafiya ta bakwai ya sauka a Mafara yana ɗingishi. Ya ce gajiya ce. Da safe Turai ta kawo masa fura, ta tsaya tana duban ƙafafunsa da ya miƙe a tabarma.

"Maigida, wagga ƙafa ta hagu ba ta yi daidai da 'yar'uwarta ba."

"Zama na, Turai. In na taka za ta saki."

Ba ta saki ba. Sharaɓar ta kumbura ta yi tauri, fatar tana ƙyalli, in an taɓa sai a ji zafi kamar tukunyar da aka sauke. Turai ta yi abin da ta ga uwarta tana yi. Ta dafa ruwa, ta gasa ƙafar da tsumma, ta shafa man kaɗe, ta murza da ƙarfinta safe da yamma har kwana uku.

Rana ta huɗu Talata ce. Sallau ya ce ba zai zauna gida ranar kasuwa ba. Da hantsi yana ƙoƙarin rataye cinyar sa a ƙugiya sai ya ji kamar an soka masa tsinken tsire a haƙarƙari. Numfashi ya ƙi isa. Ya dafa teburi ya yi tari, ya tofar, sai ya ga jini. Mutumin da ya shekara talatin yana tafiya cikin jini har idon sawu, ɗan wannan da bai cika cokali ba ya kai shi ƙasa.

Allah ya sa Gidaɗo yana kasuwar, ya kawo shanu. Shi da wasu mahauta biyu suka ɗauke shi a akori-kura zuwa asibitin garin. Wanda suka tarar shi ne Malam Labaran, malamin asibiti, mutumin Bakura, dattijo marar yawan magana da ya taɓa aiki a babban asibitin Sakkwato. Ya saurari ƙirjin Sallau, ya tambayi tafiyar da ya yi, sannan ya ɗauko zare ya zagaya sharaɓar dama ya ƙulla, ya kai ta hagu. Zaren bai haɗu ba, saura kusan yatsa uku.

"Yau za ku kai shi Sakkwato, ba gobe ba," in ji shi. "Kada ya taka ƙasa. Kuma kada kowa ya sake murza wannan ƙafa."

A lokacin Zamfara tana cikin jihar Sakkwato, can ne kuma ake da kayan gwajin jini. Malam Labaran ya rubuta takarda ya ba Gidaɗo, aka aika wa Turai, kafin la'asar suna kan hanya.

Kwana goma sha biyu Sallau ya yi a gadon asibiti da ledar ruwa a hannu, ana zuba wani magani a ciki ba dare ba rana. A kwana na uku numfashi ya fara dawowa. Likitan da ke duba shi ya ja kujera ya zauna a bakin gado, Turai tana rakuɓe a kan tabarma.

"An ce kai mahauci ne. In ka yanka sa, jinin da ya zuba ƙasa yaya yake zama?"

"Kahin in gama fiɗar ƙafa guda ya daskare, ranka shi daɗe. Ya koma awa hanta."

"To haka Allah ya yi jini, don in mutum ya yanke ya daskare ya toshe wurin. Naka sai ya daskare a inda bai kamata ba, cikin babbar jijiyar ƙafa. Zaman da kake yi a mota da ƙin shan ruwa su suka jawo. Sai wani ɓangare na gudan ya ɓalle, ya bi jijiya har huhu. Shi ne abin da ya soke ka."

Sallau ya ɗaga kai ya dubi rufi. Can ya ce, "Na san shi. Na sha jawo shi daga zuciyar sa, dogo, baƙi, awa tana. Ashe irinai na cikina."

"Irinsa ne."

"Wanga magani shi ka narkar da shi?"

"A'a. Yana hana shi ƙaruwa ne, ya hana wani sabo fitowa. Tsohon kuma jikinka ne zai cinye shi a hankali."

Turai ta yi gyaran murya, kanta a ƙasa. "Likita, ni na murza ƙafar, kwana uku. Ni na tura mai abin ga huhu?"

Likitan bai ɓoye mata ba. Ya ce murza irin wannan ƙafa yana iya ɓallo gudan, amma yakan ɓalle ko ba a taɓa ba, ba wanda zai iya cewa ga abin da ya faru. Da ya fita Turai ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

"Ke Turai," in ji Sallau, "wa ya ɗauki cinyar sa ranar Talata, ni ko ke? Kin ce in zauna gida na ƙi. In laifi za a raba, nawa ya fi. Share hawaye ki ba ni ruwa, kin ji likita ya ce in riƙa sha."

Ranar sallama aka ba su ƙwayoyi ƙanana, shuɗaye da masu ruwan ƙasa, sunansu wafarin, masu tsinka jini. Aka ba su kati, aka ce kowane mako biyu ya dawo a ɗibi jininsa a ga tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya daskare, da wannan za a san ko a ƙara ko a rage. Aka ja masa kunne: ba ƙaho, ba tsaga, ba ƙwayar ciwon kai ta kasuwa, kuma ya yi hattara da wuƙa. Sallau bai iya boko ba, Turai ma haka, amma ta riƙe launi. Ta zuba ƙwayoyin a gwangwani ta rataye a bangon ɗaki, kullum bayan sallar magariba ta miƙa masa da ruwa a moɗa.

Wata biyu komai yana tafiya daidai, kumburi ya saɓe. Wata rana yana zaune a rumfa yana kallon ƙanensa Uba yana yanka, sai ga Ɗantala, mai kula da siton hatsi a gonakin aikin ban-ruwa, ya zo sayen hanta. Suka gaisa, ya tambayi jiki, Sallau ya zaro katinsa ya nuna masa don ya san mai ilimin boko ne. Ɗantala ya karanta, ya sake karantawa.

"Sallau, wanga ai sunan maganin ɓera na. Shi muka zubawa cikin sito. Ɓera shi ci, jini shi tsinke mai ciki, shi mutu."

Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya gani a jikin gwangwani ne. Amma maganar ta shiga Sallau. Da magariba ya karɓi ƙwaya daga hannun Turai, ya kai baki kamar ya sha, ya kurɓi ruwa, ya sulale ta a aljihu. Haka ya yi har kwana goma sha takwas, ranar gwaji kuma ya ce mota ta ƙi samuwa. Ƙafa ta fara nauyi, ya riƙa sa dogon wando yana ɓoyewa.

Ranar wanki Turai ta juye aljihun taguwarsa, ƙwayoyi suka zubo a ƙasa. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ta yafa mayafi ta tafi asibiti, da la'asar sai ga Malam Labaran a kan kekensa a ƙofar gida. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi gida da aiki da gajiya da mutanen Bakura, ya ce Sallau ya naɗe wando. Ya duba ƙafar, ya girgiza kai.

"Malam," in ji Sallau, "ka hwaɗa man gaskiya tsakaninka da Allah. Maganin ɓera ku ka ba ni?"

"Gaskiya ne, asalinsu ɗaya."

Sallau bai zaci za a amsa masa haka ba.

"Kana ba shanu kanwa?" in ji Malam Labaran.

"Ana ba su."

"In ka buɗe wa maraƙi buhu ya ci iya cinsa fa?"

"Sai ta kashe shi."

"To ɓera ci yake har ya ƙoshi, ba mai auna masa. Kai kuwa ana auna maka, ana kuma duba jininka don kada a wuce. Wahalar da kake sha ta zuwa Sakkwato ke nan. Da ka zo ka tambaye ni tun ranar da ka ji, da yanzu ba mu koma baya ba."

Suka koma baya kuwa. Aka sake kwantar da shi a Sakkwato mako guda. Likita ya tambayi tarihin gidansu, Sallau ya tuna babansa ma ƙafa ce ta kumbura masa bayan doguwar jinya, ya faɗi a tsakar gida rai ya yi halinsa, aka ce ajali ne kawai. Likitan ya ce akwai mutanen da jininsu yake da saurin daskarewa tun asali, tunda kuma abin ya dawo, zai daɗe yana shan maganin, wataƙila har iyakar rayuwa. Daga ranar Sallau bai sake ɓoye ƙwaya ba. Turai dai ta daɗe tana tsayawa a kansa sai ta ga maƙogwaro ya motsa.

Safarar Kudu ta ƙare, amma ya koma rumfa, yana yanka a hankali. Shekara guda ba abin da ya faru. Sai haƙori ya matsa masa, ya manta da kashedi, ya sayi ƙwayar ciwo a wurin mai tebur ya sha kwana uku. Rana ta huɗu yana cire ƙashin kafaɗa wuƙa ta zame ta kama shi a gindin babban yatsa. Yanka ne da a da zai tsotse ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Wannan karon tsumma ya jiƙe, aka kawo wani ya jiƙe. Mahauta suka taru, wannan ya ce a sa gishiri, wancan ya ce toka. Sallau ya hana su. Ya tuna abin da aka koya masa, ya danne wurin da ƙarfi, ya ɗaga hannun sama da kansa, ya ce Uba ya kai shi wurin Malam Labaran. Tun hantsi sai bayan azahar jinin ya tsaya, bayan an ɗinke an kuma yi masa allurar da ke mayar wa jini ƙarfin daskarewa.

"Ƙwayar kasuwar nan ita ma tana tsinka jini," in ji Malam Labaran yana naɗe masa hannu. "Ka haɗa biyu. Yau yatsa ne. Ka yi tunani a kan ranar da wuƙar za ta sami cinya."

Sallau ya yi tunanin. Ya miƙa wa Uba rumfa da wuƙaƙe, ya koma gida ya zauna. Wata guda ba ya fita sai masallaci. Abinci ma sai Turai ta yi da gaske. Mutumin da muryarsa take cika kasuwa sai ya wuni bai yi magana goma ba.

Gidaɗo ne ya fitar da shi. Ya zo wata Litinin ya jingine sandarsa a zaure, ya ce gobe yana da shanu takwas, mahautan Gusau za su zo, yana son wanda zai tsaya tsakani.

"Ni da ba ni iya riƙe wuƙa, mi zan yi maka?"

"Wuƙa kowa na da ita, Sallau. Ɗazu na ga Uba ya sayi sa mai ciwon hanta, shina murna ya yi araha. Kai da ka hango shi daga nesa ka sani. Tashi ka wanke ido."

Haka Sallau ya zama dillalin shanu. Mahauta sun yarda da shi don nasu ne, makiyaya sun yarda da shi don Gidaɗo ya tsaya masa. Ya riƙa bin kasuwanni, Mafara da Bakura da Maradun, yana tafiya da ƙafa cikin kara, inda ake cinikin shanu, abin da likita ya ce ƙafar take so. Ya koyi tsayawa nesa da ƙaho, ya bar hannu ya koma ga ido da sanda. Muryar ta dawo, har ta fi ta da, don cinikin shanu ya fi na nama surutu.

Akwai wani rani da gwajin jininsa ya rikice, aka ce ya koma yin kauri, alhali ba ranar da ya tsallake magani. Likita ya tambaya ya tambaya, har ya zo kan abinci. Ashe dangin Turai na Ruwan Gizo sun sami fili a bakin kanal ɗin ban-ruwa, suna noman rani, kowane mako sai sun aiko da kwandon alayyafo da kabeji da latas, Sallau kuwa ya samu ya yi ta ci. Likitan ya yi dariya ya ce ganye yana rage wa maganin ƙarfi. Bai hana shi ba, ya ce dai ya riƙa cin gwargwado ɗaya kullum, kada yau tuli gobe babu. Turai ta ware wani ɗan ƙoƙo, da shi take auna masa ganye rani da damina. Sallau yakan ce shi kaɗai ne a Mafara ake auna wa kwaɗo kamar zakka.

A damina ta 1989 ya je Damaga duban wasu bijimai. Ya tarar da Gidaɗo ba walwala. 'Yarsa Rukayya ta zo gida wankan jego, haihuwar fari, kwana goma sha biyu ke nan, ga ƙafa guda ta kumbura tun daga cinya. Tsofaffin ruga sun ce sanyin jego ne, an ɗora ruwa da ganye a wuta za a gasa a murza.

Sallau ya miƙe tsaye. "Ce musu su dakata."

Ba zai iya shiga bukkar mai jego ba, balle ya dubi ƙafar 'yar amininsa. Ya ciro zare daga bakin rawaninsa ya ba Gidaɗo, ya ce a ba uwar Rukayya ta zagaya ƙafar mai lafiya ta ƙulla, sannan ta gwada a mai ciwon. Aka dawo da zaren, uwar ta nuna da yatsu huɗu daga bakin ƙofa.

"Shina da zahi wurin? Fatar na ƙyalli?"

Aka ce e.

"Gidaɗo, yau za mu kai ta asibiti."

"Mai jego ba ta hita kahin arba'in, ka sani. Mutanen mijinta mi za su ce? Kuma ita ba ta hau tirela ba."

"Ba tirela kaɗai ka kawo shi ba. Can Sakkwato na ga mata biyu da anka kwantar bayan haihuwa, ciwonmu ɗaya." Ya naɗe wandonsa har gwiwa. Ƙafar ta yi duhu, jijiyoyi sun fito sun murɗe. "Dubi nan. Ni na yi sa'a, nawa ya tsaya ga huhu ya bar ni da rai. Babana bai yi wagga sa'a ba. Ranar da na hwaɗi kasuwa ba ka tsaya tambayar kowa ba, ɗauka ta ka yi. In mutanen mijinta sunka yi magana, ka turo su gare ni."

Gidaɗo ya daɗe yana kallon ƙafar. Sannan ya juya ya yi magana da Fillanci, aka sauke tukunya daga wuta. Aka shimfiɗa tabarma a amalanke, aka kwantar da Rukayya da jaririnta a gefe, bijiman da Sallau ya zo dubawa su suka ja ta har bakin hanya. A Mafara Malam Labaran ya duba ya rubuta takarda. Turai ta ɗaure kayanta ta ce ita za ta bi su, don ta san ƙofofin asibitin, ta san inda ake ɗibar jini da inda ake samun ruwan zafi, uwar Rukayya kuwa ba ta taɓa shiga birni ba.

Gudan jini ne kuwa, amma bai kai ga huhu ba. Rukayya ta yi kwana tara aka sallame ta da ƙwayoyi na wata uku. Babban tsoronta shi ne a hana ta shayarwa, aka ce ta ci gaba, maganin ba zai cuci yaron ba. A gidan Sallau ta ƙarasa arba'in don ta fi kusa da mota, Turai tana miƙa ƙwaya ga mutum biyu bayan magariba. Da mijin ya zo da kawunsa fuska a ɗaure, suka tarar da ita zaune a tsakar gida tana tsefe kai, yaro yana barci a cinya, sai kawun ya nemi wuri ya zauna ya fara godiya.

Tun daga nan labari ya bazu. In ƙafar wani ta kumbura a unguwa, sai a ce a kira Sallau ya gani. Ba ya ba da magani, ba ya cewa ga ciwon. In ƙafa ɗaya ce, da zafi, sai ya ce a bar murza a tafi asibiti. Wani lokaci a dawo a ce ba shi ba ne, ya ce alhamdu lillahi, an huta. Ranar lodi kuma yakan tsaya a gindin tirela yana ɗaga murya ga masu hawa, su sha ruwa, su sauka su taka duk inda aka tsaya salla. Wasu su yi dariya su ce Sallau ya zama likita, wasu su ji.

A 1992 Allah ya kira shi aikin Hajji, shi da Turai. Kafin tafiya likita ya gwada jininsa, ya ba shi ƙwayoyin da za su kai shi su dawo da shi, ya ce a jirgi kada ya zauna wuri ɗaya. Jirgi bai daɗe da daidaita a sama ba Sallau ya kwance ɗamara ya miƙe, ya bi tsakanin kujeru har ƙarshe ya dawo. Zagaye na biyu ya tsaya kan wani tsoho ɗan Bakura da ya ƙanƙame kujera tun tashi, ya lallashe shi har ya miƙe. Kafin a kai rabin hanya alhazai shida ne suke bin bayansa a jere cikin farin harami, ma'aikaciyar jirgi tana matsa musu da keken abinci tana murmushi.

A Mina, bayan jifa da yanka, abokan tafiya suka zauna layi gaban masu aski. Sallau ya dubi aska, ya tuna jininsa ba ya saurin tsayawa, ya tambayi malamin ayarinsu, malamin ya ce saisaye ma ya wadatar. Ya koma tanti ya nemo almakashi. Wani Alhaji Tsoho na Maradun, wanda ya riga ya yi nasa askin, ya karɓa ya ce ya zauna. Sallau ya tanƙwashe ƙafa, sai ya tuna ya miƙe ta, ya sunkuyar da kai, furfura tana zuba a kan haraminsa yana ta hailala.